Baƙuwar da Ta Buɗe Bakin Auta

A ɗakin haihuwa na asibitin, Sista kowa yake kiranta, har masu shara da masu tura gado, har mazan da ke safa da marwa a baranda suna jiran labari. Gajeriya ce mai jiki, da ƙananan hannuwa masu ƙarfi, irin waɗanda likitoci ke nema idan jariri ya zo a karkace. Dariya ba ta dame ta ba. Idan mai naƙuda ta fara ƙwala wa uwarta kira, Sista kan sunkuya ta ce mata, "Uwarki ta yi nata tuntuni, wannan naki ne. Yunƙura!" Matan sukan zage ta a lokacin, bayan an gama kuma su riƙe hannunta suna sa mata albarka.

Ita ce 'yar fari a gidansu. Mahaifiyarsu ta kwanta ciwo tun Sista ba ta gama firamare ba, don haka a bayanta ƙannenta suka girma. Ta iya ɗaura zanen goyo tun kafin ta iya rubuta sunanta da kyau. Daga nan ta taso da wata taƙama guda, cewa a kan raino babu mai koya mata komai.

Mijinta makanikin injin jirgin ruwa ne, irin manyan nan na dakon kaya. Yakan yi watanni a teku, ya dawo da warin baƙin mai a farcensa, ya ɗan huta, ya koma. Aikin asibiti ya kai su wani babban birni nesa da dangi, suka kama haya a hawa na uku, ɗaki biyu da falo da wani ɗan sito kusa da kicin. 'Yarsu ta fari, wadda suke kira 'Yar Baba, ta yi sa'ar kakarta ta wajen uba, wadda ta zo ta zauna da su har Allah ya karɓi ranta. Auta kuwa bai tarar da kowa ba. Bakwaini ne, ya yi makonni a kwalba a hawan da ke ƙarƙashin ɗakin da uwarsa ke aiki, ya fito da ƙirji mai kama kowane tari.

Da hutun haihuwa ya ƙare, Sista ta kai shi gidan rainon yara. Duk murar da ta shigo ginin a jikinsa take sauka. Ta gwada masu zuwa da safe su tafi da yamma, amma aikinta juyawa yake yi, yau safe, gobe yamma, jibi kwana, babu wadda ta jure. Wata safiya ta iso aiki a makare da yaron a kafaɗa, shugabar ɗakin haihuwa ta tare ta a ƙofa. Dattijuwa ce mai faɗin gaskiya ba sakaya, suna kiranta Uwar Ɗaki.

"Wannan kuma fa? Sabon ma'aikaci muka samu?"

"Mai rainon ce ba ta zo ba, Uwar Ɗaki."

"Kuma gobe ma ba za ta zo ba. Akwai wani ofishi da ke haɗa iyalai da 'yan mata daga wasu ƙasashe, masu son koyon harshen garin nan. Ki ba ta ɗaki da abinci da ɗan abin kashewa, ta riƙa zuwa aji, ta riƙe miki yara."

"Baƙuwa a cikin gidana? Ta kwana ta tashi?"

"To da fa? Ko a kan ma'aunin jarirai za ki riƙa ajiye shi har a tashi?"

Da ta gaya wa maigidan ta waya, ya ce, "Kin fi ni sanin gidan. Amma ki duba da kyau, 'ya'yanki za ki danƙa wa mutum." Kafin ta amsa layin ya katse, kamar yadda ya saba.

Ta kwashe tarkacen sito, ta jingina teburin guga da bango, ta sa ƙaramin gado da ƙusoshin rataya kaya. Tagar siton tana kallon tankunan ruwa na ginin maƙwabta. Yarinyar ta iso ranar da ake ruwa, doguwa siririya, da jaka ɗaya da takalmin roba. Ba za ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Sunanta ya yi wa bakin mutanen gidan nauyi, sai 'Yar Baba ta ce Anti, Sista kuma ta ci gaba da ce mata Baƙuwa ko da ba ta nan. Harshen garin kaɗan take ji, in an yi magana sai ta ƙura wa bakin mutum ido. Sista ta zagaya da ita gidan tana nuna mata da hannu: nan maganin tari, nan ruwan da aka tafasa, kar a buɗe wa kowa ƙofa, kar a fita da yaro idan akwai iska. Yarinyar na ta gyaɗa kai. Auta na zaune a kan darduma, ya wuce shekara ɗaya amma ko rarrafe bai cika yi ba. Baƙuwa ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa ɗan nesa da shi, ba ta taɓa shi ba. Shi ya miƙa hannu ya kama yatsan ƙafarta.

A wurin aiki kowa na da labarin mai raino. Wata ta ce tasu maganin barci take ɗura wa yaro don ta samu kallon talabijin. Wata ta ce tata mintsini take yi a inda riga ke rufewa. Mai shara ma ta ce, "Ni ba yaro nake ji miki ba, Sista, ranar da maigida zai sauko daga jirgi nake ji." Aka kwashe da dariya, ban da Sista. A makon nan ta sayi ƙaramar kyamara, ta ɓoye ta a bayan tukunyar fure a saman kantar falo, ba ta gaya wa kowa ba.

Tsakanin haihuwa da haihuwa takan shiga ɗakin canza kaya, ta zauna a kan benci ta buɗe waya. Mugun abu take nema, ba ta same shi ba. Abin da ta gani shi ne yarinya zaune a ƙasa, yaro a tsakanin ƙafafunta, tana nuna masa cokali tana faɗin wani abu, ta nuna kofi ta faɗi wani abu, ta maimaita, ta sake maimaitawa, ba ta gajiya. Idan 'Yar Baba ta dawo daga makaranta sai ta zaunar da ita ta yi mata kitso tana waƙa. A kan wannan bencin, da safar hannu ɗaya ba ta cire ba, Sista ta ga ɗanta ya saki kujera ya yi takunsa na farko ya faɗa ƙirjin Baƙuwa. Aka ƙwala mata kira daga ɗakin naƙuda, ta kashe wayar ta tafi. Da ta koma gida yarinyar ta tare ta a ƙofa da murna, tana haɗa kalmomi da ƙyar, "Madam, yaro, tafiya, yau!" Sista ta yi kamar yanzu ta ji.

Tafiya ta zo, magana ta ƙi. Auta ya doshi shekara uku bai ce ko "Mama" ba. An gwada kunnensa, lafiya lau. Likitan yara ya ce bakwaini sukan yi nawa, a ƙara haƙuri. Sista takan zaunar da shi a cinya ta ce, "Ce Mama. Ma-ma." Sai ya kalli maɓallin rigarta ya yi ta juya shi.

Wata rana da rana tsaka, ranar hutun Sista, zazzaɓi ya rufe shi. Baƙuwa ta tafi aji. Sista ta ba shi magani, ta goge masa jiki da ruwan ɗumi, ta kwantar da shi a falo. Yana cikin kuka sai ya buɗe baki ya faɗi wata kalma mai gaɓa biyu, tar da ita. Murna ta kama ta. Ya sake faɗa. Ba ta san kalmar ba. Ta kawo ruwa, ya ture. Ta kawo motar wasansa, ya jefar. Ta ɗauke shi, ya banƙare. Ta goya shi ta zagaya falon, yana ta maimaita kalmar har muryarsa ta dishe. 'Yar Baba ta ce, "Yaren Anti ne, Mama, amma wannan ban san ta ba." Haka suka wuni. Da Baƙuwa ta turo ƙofa ta ji, ko jakarta ba ta ajiye ba ta nufi taga ta ja labule. Hasken ne ke damun idonsa. Ya yi ajiyar zuciya, ya yi shiru a bayan uwarsa.

Sista ta tsaya a tsakiyar falon da yaro a goye. "Tun yaushe yake magana?"

"Kaɗan kaɗan, Madam. Ruwa, barci, zo, rufe. Na so ya iya da kyau, sai na nuna miki."

"Da yarenku."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Naku ban iya da kyau ba. Da namu bakina ya fi sauri."

Bayan 'yan makonni maigidan ya sauko daga jirgi. Auta ya gan shi ya ƙwala ihu, ya ɓuya a bayan ƙafafun Baƙuwa. Mutumin ya yi dariya, ya sa yarinyar ta koya masa yadda ake cewa "zo" da yarensu, ya tsuguna ya faɗa da karyayyen baki, yaron ya leƙo, ya tako. Aka yi ta dariya a falo, Sista na kicin tana ji. Da suka keɓe ta ce masa, "Ɗana yana neman abu a gidana sai an yi mini tafinta."

"Haba, Maman yara. Yaron da muka yi ta roƙon Allah ya buɗe bakinsa? In dai yana magana, ko da yaren tsuntsaye ne ni na gode."

"Kai ai gobe teku za ka koma. Ni za a bari da shi."

Bayan ya koma ta kafa doka, kar a ƙara yin wannan yaren a gidan. Baƙuwa ta ce to. Ta bi dokar kuwa, Sista ta gani a waya. Yarinyar ta riƙa nuna cokali tana faɗinsa da harshen garin, yaron ya kalle ta ya faɗa da nata, ta girgiza kai, ya sake faɗa da ƙarfi, ta sake girgiza kai idonta cike da ƙwalla. A hankali ya rage faɗa. Wani lokaci idan Sista ta wuce ƙofar banɗaki ana masa wanka takan ji raɗa, ta san me ake yi, ta buga ƙofar da bayan hannu, raɗar ta tsaya.

Izinin zaman Baƙuwa ya kusa ƙarewa. Ofishin ya kira Sista ya tambaya ko iyalin na son a sabunta. Tana tsaye a barandar asibiti, ta ce a'a, an gode. Da ta koma gida ta ce wa yarinyar ofishin ne ya ƙi. Baƙuwa ta daɗe tana kallon bakinta, kamar yadda take yi a farkon zuwanta, ko da yake yanzu tana jin komai.

"To, Madam. Abu ɗaya nake roƙo. Ki bar ni in gaya masa da kaina, kaɗan kaɗan, kowace rana. Ya ga ina haɗa kaya. Ya raka ni ƙasa ya ga mota ta tafi. In bai gani ba zai yi ta jira."

Sista ta kai maganar wurin aiki. Uwar Ɗaki ta ce, "Yaro ne fa. Kamar yaye ne, a yi a wuce. In kika bari ya ga tafiyarta, kukan da zai yi sai ya tara miki maƙwabta. Mako ɗaya ya manta." Ba da mugunta ta faɗa ba, haka ta yi wa nata 'ya'yan. Sista kuma abin da take son ji ke nan.

Ranar tafiyar, da sassafe ta ɗauki Auta ta kai shi gidan wata abokiyar aiki, ta ce wa Baƙuwa allura za a yi masa, yanzu za su dawo. Ta dawo ita kaɗai. Yarinyar na zaune a bakin gado, jakarta a ɗaure, ta kalli hannun Sista, ta kalli bayanta. Ba ta tambaya ba. Ta rungume 'Yar Baba, ta ce wa Sista, "Ba ya son a wanke masa kai yana tsaye. A kwance." Ta ɗauki jakarta ta sauka.

Da aka dawo da Auta kai tsaye sito ya nufa. Ya ga gado babu shimfiɗa. Ya leƙa banɗaki, ya leƙa bayan labule, ya dawo ya zauna a bakin ƙofar siton. Bai yi kuka ba, Sista ta ɗauka abin ya zo da sauƙi. Washegari nan ya koma ya zauna. Ya kira da yaren nan, kalma ɗaya, ya saurara, ya sake kira. Ya yi kwanaki yana haka, daga nan ya daina. Mako ya wuce, wata ya wuce, babu kalma ko ɗaya daga bakinsa, ko ta yaren Baƙuwa ko ta wani. In yana son ruwa sai ya je gaban firji ya tsaya. Ya koma fitsarin kwance. Sista ta ɗauki hutu, ta zauna a ƙasa kamar yadda ta ga ana yi, ta ɗaga cokali, ta ɗaga kofi. Ya kalli bango.

Wata rana suna cin abinci 'Yar Baba ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Na ji ki a waya kina gaya wa Uwar Ɗaki. Ba ofishi ne ya ƙi ba." Sista ta ɗaga hannu za ta mare ta, hannun ya tsaya a sama. Yarinyar ta ci gaba da cin abincinta.

Sai da ta kai zuciya nesa sannan ta kira lambar Baƙuwa. An rufe layin, na garin ne. Ta je ofishin da ƙafarta, matar da ke kan tebur ta ce yarinyar ta koma ƙasarsu, kuma ba sa ba da adireshin kowa, sai dai a bar saƙo. Ta bari. Amsa ba ta zo ba, ba ta kuma san ko ya isa ba.

Likitoci sun yi gwaje-gwajensu. Wani ya ce rabuwar ce ta taɓa shi. Wata ta ce alamun suna nan tun farko, da yarinyar ta zauna ma wataƙila haka za a yi. Sista ta matsa mata, "Wataƙila, ko tabbas?" Likitar ta ce, "Sista, ke ma ma'aikaciya ce. Kin san ba zan iya ce miki tabbas ba." Maigidan da ya dawo ya tarar da yaron haka bai yi faɗa ba. Ya tsuguna ya faɗi kalmar nan ta "zo" da aka koya masa, Auta bai waiwayo ba. Ya miƙe ya tambayi matarsa, "Ita ta ce za ta tafi?" Sista ta ce a'a. Bai ƙara tayar da maganar ba, amma daga nan tafiyarsa ta ƙara tsawo, wayarsa kuma ta koma tambayar lafiyar yara kawai.

Ba ta ƙara kawo kowa gidan ba. Ta nemi a cire ta daga ɗakin haihuwa, aka mayar da ita sashen awon jarirai, aikin safe zalla, inda take ɗora 'ya'yan mutane a kan ma'auni tana ɗiga musu maganin rigakafi. Uwar Ɗaki ta ce asarar hannu ce, ta roƙe ta ta dawo, ta ƙi. Idan aka samu haihuwa mai wuya a sama, wani lokaci sabbin ma'aikata kan ji tsofaffi na cewa da Sista na nan, ba su san ita ce matar nan mai shiru da ke ƙasa ba.

Magana ta dawo wa Auta yana gab da shiga firamare, da harshen garin, a hankali, kalma ɗaya ɗaya kamar mai ɗaukar kaya masu nauyi. Yanzu ya kai shekara tara. Yana cewa "Mama," yana cewa "na gode" idan ta miƙa masa abu, ko da cokali ne. Bai tuna Baƙuwa ba, 'Yar Baba ta taɓa tambayarsa ya girgiza kai. Ba ya rigima, ba ya neman kowa. Malamansa sun ce bai taɓa ba su wahala ba.

Ranakun da ake koya masa furuci, Sista kan tashi daga aiki ta ɗauko shi daga makaranta, su hau bas zuwa can ƙarshen gari. Hanyar na da nisa, kan dawowa barci yakan ɗauke shi. Kullum gefen taga yake zama, kuma idan barcin ya zo can yake karkata, kansa na bugun gilashi duk sanda motar ta faɗa rami. Ta taɓa jawo shi jikinta, ya farka ya ce, "Yi haƙuri, Mama," ya gyara zama. Tun daga ranar ba ta ƙara jawo shi ba. Takan zura hannu ta bayan wuyansa, ta sa tafinta tsakanin kansa da gilashin, ta bar shi a nan har su iso tasharsu, ko da hannun ya sage.